Tsara Cikin Gini: Fannin Jami'a da Muka Raina Alhali Gadonmu Ne

Duk shekara idan lokacin cike fom ɗin JAMB ya kama, gidaje da yawa a Arewa kan shiga wata muhawara da kusan an san ƙarshenta tun kafin a fara. Uba yana son likita, uwa tana son lauya, kawu kuma ya ce in ba injiniya ba sai rijiya. Idan yarinya ta yi ƙarfin hali ta ce ita fasahar tsara cikin gini take son karantawa, abin da za ta fara ji shi ne dariya, sannan a tambaye ta: "Yanzu jeren ma sai an je jami'a?" Idan namiji ne, sai a ce masa ya tafi wurin kafinta ya koya cikin wata shida, ya hutar da ubansa biyan kuɗin makaranta.

Wannan dariya tana da tsada. Muna biyan kuɗinta a ajujuwan da muryar malami ba ta isa layin baya, da ɗakunan asibitin da majinyaci ke kwana cikin zufa, da gidajen da aka kashe miliyoyi aka gina amma matar gida ta koma girki a waje domin kicin ɗin bai dace da tukunyarta ba. Ya kamata iyaye da ɗalibai su san abin da fannin ya ƙunsa kafin su yanke masa hukunci, musamman ganin cewa tun ba yau ba kakanninmu suka yi fice a kansa.

Mene ne aikin mai tsara cikin gini?

Akwai mutum uku da jama'a kan cakuɗa ayyukansu. Na farko shi ne mai zanen gini, wanda ke tsara ginin baki ɗaya: inda zai fuskanta, tsayinsa, siffarsa da yadda zai zauna a fili. Na biyu shi ne mai ƙawata ɗaki, wanda ke zuwa bayan an gama komai ya zaɓi labule, kujeru, kafet da launin fenti. Na uku, wanda muke magana a kansa, yana tsakaninsu ne. Shi ne ke nazarin yadda mutane za su rayu a cikin ginin: ta ina za a shiga, ta ina za a fita idan gobara ta tashi, ina haske zai faɗo, ina iska za ta bi, nawa ne faɗin ƙofa, da me za a rufe ƙasa, ina za a sa soket da famfo, kuma nawa duk wannan zai ci.

Ado yana cikin aikinsa, amma shi ne mataki na ƙarshe. Kafin ya kai ga zaɓen launi, sai ya auna, ya yi tambayoyi, ya zana, ya ƙiyasta kuɗi. Wanda zai tsara kantin sayar da magani dole ya san inda mai saye zai tsaya, da inda za a ajiye maganin da zafi ke lalatawa, da yadda ma'aikaci zai ga ƙofa ba tare da ya juya wa akwatin kuɗi baya ba. Wanda zai tsara ɗakin haihuwa dole ya san faɗin gadon da ake turawa, domin kada a zo kwana a lungu gadon ya maƙale da mai naƙuda a kai.

Magana ce ta rai da lafiya

A daren 28 ga Nuwamba, 1942, gobara ta tashi a wani gidan rawa mai suna Cocoanut Grove a birnin Boston na Amurka, ta kashe mutum 492. Ginin bai rushe ba. Abin da ya hallaka jama'a shi ne yadda aka tsara cikinsa: an lulluɓe silin da yadi mai saurin kama wuta, an yi ado da itatuwan bogi, babbar ƙofa mai juyawa ce wadda ta cushe da mutane, wasu ƙofofin a kulle suke, wata kuma ciki take buɗewa, don haka da jama'a suka danno sai suka ƙara datse ta. Bayan wannan masifa aka tsaurara dokokin da suka wajabta ƙofar fita ta riƙa buɗewa waje, a sa alamar mafita mai haske, a hana ado da kayan da ke saurin cin wuta a wuraren taro. Mai karatu ya tuna ɗakin taron bikin da ya shiga na baya-bayan nan, da yadukan da aka rataya tun daga sama har ƙasa, da wayoyin lantarkin da ke bayansu, ya ƙirga ƙofofin fita nawa ya gani a buɗe.

A gidajenmu ma haka abin yake. Tsoron ɓarayi ya sa muna dasa ƙarafa a kowace taga, mu bar ƙofa ɗaya tak. Idan wuta ta tashi a falo, ɗakunan kwana sun zama kurkuku. Wanda ya yi karatun nan ya san cewa ana iya yin ƙarfen taga mai buɗewa daga ciki, a sami tsaro a kuma sami mafita. Ya san hatsarin ajiye janareto a lungun da hayaƙinsa zai koma ɗaki, abin da ya sha kashe iyali guda a cikin barci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida, wadda akasarinta hayaƙin girki da itace da gawayi da kananzir ke haddasawa, ta yi sanadin mutuwar kimanin mutum miliyan 3.2 a shekarar 2020. Inda aka sa murhu, da tagar da hayaƙi zai bi ya fita, suna cikin abubuwan da ke rage wannan asara.

Akwai kuma wani bincike da ya shahara a fannin. A 1984, wani masani mai suna Roger Ulrich ya wallafa sakamakon nazarin da ya yi a kan marasa lafiya 46 da aka yi wa tiyatar maɗaciya a wani asibiti a jihar Pennsylvania. Rabinsu tagarsu tana kallon itatuwa, rabi kuma tana kallon bangon bulo. Masu kallon itatuwa sun riga barin asibiti da kusan kwana guda, kuma sun fi ƙarancin buƙatar maganin kashe zafi mai ƙarfi. Tun daga nan masu gina asibitoci a ƙasashe da dama suka ɗauki matsayin taga da muhimmanci.

Doka ma ta shigo cikin maganar. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda ta ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara 5 su gyara yadda mai keken guragu da makaho za su iya shiga. Wa'adin ya cika. Sau da yawa abin da ake gani shi ne gangaren siminti da aka liƙa a gefen matakala, mai tsayin da ko lafiyayye sai ya dafa bango. Ƙa'idar da aka sani ita ce duk hawan mita 1 yana buƙatar gangare mai tsawon mita 12, ke nan dandamali mai tsayin santimita 50 yana buƙatar mita 6. Keken kuma yana buƙatar sarari mai faɗin kimanin mita 1.5 kafin ya juya. Irin wannan lissafi ake koya a aji, ba a gano shi da ido.

Abin da ɗalibi zai tarar a jami'a

Tsarin ya bambanta daga jami'a zuwa jami'a, amma ginshiƙansa kusan ɗaya ne. Karatun kan ɗauki shekara 4 a jami'o'in gama-gari, 5 a jami'o'in fasaha. Shekarar farko ta zane da hannu ce, da lissafi, da kimiyyar fiziks, da tarihin fasaha. Daga nan sai a shiga ilimin awon jikin ɗan Adam, wato yadda tsayin mutum da tsawon hannunsa ke ƙayyade tsayin tebur, zurfin kabad da faɗin hanya. Sai ilimin kayan aiki: wane katako gara ke ci, wane tayil ke santsi idan ya jiƙe, wane allo ne ke fitar da sinadarin da ke cutar da numfashi, wane fenti ne ke ɗauke da dalma. Sai ilimin haske, inda ɗalibi zai koyi cewa aji yana buƙatar haske kimanin luks 300, teburin ofis kuma kimanin 500. Sai ilimin sauti, wanda ke bayyana dalilin da ya sa masallacin da aka shimfiɗe da tayil tun daga ƙasa har bango yake amsa-kuwwa har huɗuba ta gagara fahimta, kome yawan lasifikar da aka ƙara.

Zuciyar karatun ita ce ɗakin zane. A nan malami kan ba da aiki irin na zahiri, misali a ce ga tsohon shago mai mita 6 a faɗi da 10 a tsawo, a mayar da shi ɗakin karatu na yara. Ɗalibi zai je ya auna wurin, ya zauna da waɗanda za su yi amfani da shi, ya fitar da zanen ƙasa da na bango, ya gina ɗan samfuri da kwali, ya rubuta ƙiyasin kaya da kuɗi. Sannan ya liƙa aikinsa a bango ya tsaya gaban malamai su yi masa tambayoyi a gaban 'yan ajinsa. Wannan zama yana da zafi, kuma ɗalibai kan kwana ba barci kafinsa. Amfaninsa shi ne yana koya wa mutum kare shawararsa da hujja, da karɓar gyara ba tare da fushi ba, abubuwa biyu da zai buƙata ranar da ya tsaya gaban mai kuɗi.

Daga baya ake shiga zane da kwamfuta da manhajoji irin su AutoCAD, SketchUp da Revit. Akwai kuma wata 6 na koyon aiki a ƙarƙashin shirin SIWES, inda ɗalibi zai ga yadda zane ke cin karo da gaskiyar fili: birkila ya karkatar da bango, mai wayarin ya sa soket a bayan ƙofa, farashin kaya ya tashi kafin a gama aiki. A shekarar ƙarshe sai ya zaɓi babban aiki guda, kamar asibitin yara ko otal, ya yi masa bincike da cikakken zane.

Daga ina fannin ya taso?

A Turai da Amurka, kafintoci da masu sayar da kayan ɗaki ne suka daɗe suna riƙe da wannan aiki. A farkon ƙarni na 20 ya shiga makaranta. Wajen 1906 makarantar da yau ake kira Parsons a birnin New York ta fara koyar da shi a matsayin fanni mai zaman kansa. A 1919 Walter Gropius ya kafa makarantar Bauhaus a garin Weimar na Jamus, inda aka wajabta wa ɗalibi ya shiga maƙera ko masaƙa ko wurin sassaƙa ya yi aiki da hannunsa, ba zane kawai ba. Matsin lambar 'yan Nazi ya rufe ta a 1933, amma kujerun ƙarfen da muke zama a kansu a ofisoshi har yau suna ɗauke da tasirinta. A 1963 aka kafa ƙungiyar duniya ta masu wannan sana'a, wadda ake kira IFI.

A Najeriya, koyar da zanen gini ya kafu ne a Zariya tun a shekarun 1950, a tsohuwar kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Tsara cikin gini ya daɗe yana zaman darasi a cikin wannan fanni, yayin da sashen zanen kayan masana'antu ke koyar da saƙa da rini, tangaran, gilashi da zanen talla. A 2007 aka kafa ƙungiyar masu tsara cikin gini ta Najeriya, IDAN, kuma wadda ta assasa ta, Titi Ogufere, ta kai ga shugabancin ƙungiyar duniya a 2020. Babban sauyi ya zo a watan Disambar 2022, lokacin da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta fitar da sabon kundin manhajar karatu. A cikinsa zanen gini ya zama babban fanni mai rassa, ciki har da tsara cikin gini, zanen kayan ɗaki da tsara farfajiya da lambuna. Kundin ya ƙayyade kashi 70 cikin 100 na abin da za a koyar, ya bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cike da abin da ya dace da muhallinta. Wannan kashi 30 shi ne damarmu.

Gadon da muke takawa mu wuce

Bahaushe bai jira Bature ya koya masa tsara ciki ba. A dubi gidan gargajiya. Baƙo yana tsayawa a zaure, wanda aka fi yarda da shi ya wuce farfajiya zuwa shigifa, iyali kuma suna can cikin gida. Ba a daidaita ƙofofin a layi ɗaya, domin kada idon mai wucewa ya ratsa har tsakar gida. An warware matsalar sutura da karɓar baƙi da tsarin hanya kawai, ba tare da labule ko makulli ba. Bango mai kauri na tubali yana jinkirta zafin rana ya shigo sai dare ya yi sanyi, ƙananan tagogi a sama suna fitar da iska mai zafi, alkuki a jikin bango yana riƙe fitila, gadon ƙasa kuma ana hura wuta a ƙarƙashinsa lokacin hunturu.

Magina sun san cewa azarar giginya gara ba ta cin ta, amma ba ta iya ɗaukar nauyin rufin ƙasa idan tazarar ta wuce kusan mita 2. Don su sami soro mai faɗi sai suka ƙirƙiro bakan gizo, suna jera azara mataki-mataki suna lulluɓe ta da ƙasa har ta haɗu a sama, suka kuma sarƙa bakunan suka fitar da ɗaurin guga, wanda yake riƙe rufi kuma yake zama ado. Makuba daga kwasfar ɗorawa, katsi daga marina, farar ƙasa da daɓen da mata ke yi, duk kayan gamawa ne da aka gwada shekaru aru-aru. Ƙololuwar wannan fasaha ita ce Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, a shekarun 1830. Darajarsa tana cikinsa ne, a ginshiƙai da bakuna da zanen da ke jikinsu. Ruftawar wani sashe nasa a watan Agustan 2023, inda aka rasa rayukan masallata, ta tuna mana cewa irin waɗannan gine-gine suna buƙatar masana da suka san yadda ake kula da su.

Abin lura shi ne yawancin waɗanda suka auna wannan gado suka rubuta baƙi ne. Zbigniew Dmochowski ɗan ƙasar Poland ya shafe shekaru yana auna gine-ginen gargajiya na Najeriya, shi ne kuma ya assasa gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos, inda aka gina kwatankwacin masallacin Zariya. Daga cikinmu akwai irin su Farfesa Hamman Tukur Sa'ad, wanda ya yi digirinsa na uku a kan maginan Hausa da yadda suke auna kyau. A Jamhuriyar Nijar, masallacin Yama da magini Falke Barmu ya gina da ƙasa ya ci kyautar Aga Khan a 1986. A garin Dandaji kuma, Mariam Issoufou Kamara da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili sun mayar da tsohon masallacin ƙasa ɗakin karatu, suka gina sabo a kusa da shi da bulon ƙasa, aikin da aka kammala a 2018 kuma duniya ta yaba.

Jeren da ake yi wa dariya ma fasaha ce mai tarihi. Daga ƙorai da faya-fayai aka koma tasoshi, daga nan aka shiga zamanin samira da langa da ake jerawa har rufi, sannan tangaran da gilasai a cikin kabad. A kowane zamani matan da ke jere suna aiki da ƙa'idojin daidaito, maimaici da haɗin launi, waɗanda su ne ake koyarwa a shekarar farko da wasu sunaye. Abin da jami'a za ta ƙara wa 'yar da ta gaji wannan ido shi ne awo, kimiyya da lissafin kuɗi.

Gidan aro, rayuwar gida

Yawancin gidajen zamani da muke ginawa kwafi ne daga hotunan Dubai, Turkiyya da Legas. Ƙofa tana buɗewa kai-tsaye cikin falo, baƙo yana zaune matar gida ba ta da hanyar zuwa kicin sai ta gabansa. Kicin ɗin an yi shi ne don mai dafa abincin mutum uku a tsaye, alhali tuƙa tuwon mutum goma sha biyar yana son murhu na ƙasa-ƙasa da wurin zama, turmi kuma yana fasa tayil. Banɗaki ba shi da wurin alwala, sai mutum ya ɗaga ƙafa cikin kwamin wanke hannu, dattijo ya zame ya karye. Ba a tanadi wurin ajiye takalma a bakin ƙofa ba, ba a bar sararin shimfiɗa darduma ba, wani lokaci ma sai an tare sannan a lura masai yana fuskantar alƙibla. Ana sa manyan tagogin gilashi suna kallon yamma a garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, sannan a dogara da na'urar sanyaya ɗaki a ƙasar da wuta ba ta tsayawa.

Wanda ya tashi cikin wannan al'ada ya kuma sami horo shi ne ya fi cancanta ya warware waɗannan matsaloli. A nan 'ya'yanmu mata suke da wata dama ta musamman. Matar aure za ta fi sakin jiki ta gaya wa 'yar'uwarta mace yadda take amfani da ɗakinta da madafarta, kuma akwai gidajen da namiji baƙo ba zai shiga ya auna ba. A duba kuma dukiyar da iyaye ke zubawa a kayan ɗakin amarya: sau nawa ake sayen gado da kujeru kafin a ga ɗakin, ranar jere a tarar ba su shiga ƙofa, ko sun cinye ɗakin har ba wurin salla? Awo na awa ɗaya da shawarar masani za su iya ceton kuɗi masu yawa.

Kasuwar ba ta tsaya a gidaje ba. Otal-otal, asibitoci da makarantu masu zaman kansu, bankuna, gidajen abinci, manyan kantuna, ɗakunan taro da masallatai duk suna buƙatar wannan aiki. Masana'antar Kannywood tana buƙatar masu tsara dandalin ɗaukar fim. Kowane aiki guda kuma yana jawo kafinta, mai walda, mai fenti, tela, mai wayarin da mai famfo. Idan mai tsarawa ya san darajar kayan gida, zai kai oda marinar Ƙofar Mata, ya sayi tumtum daga dukawa, tabarma daga masu saƙar kaba, tagulla daga Bidda, tukwane daga magina irin waɗanda suka gaji Ladi Kwali, wadda hotonta ke jikin Naira 20.

Gaskiyar da ɗalibi ya kamata ya sani

Hanyar ba shimfiɗaɗɗiya ba ce. Na farko, jami'o'in da ke ba da wannan digiri da sunansa ba su da yawa tukuna, don haka wajibi ne ɗalibi ya duba kundin JAMB na shekarar da zai nema, ya kuma tabbatar NUC ta amince da kwas ɗin a jami'ar da ya zaɓa. Inda babu shi, ana iya shiga ta zanen gini sannan a ƙware daga baya, ko ta zanen kayan masana'antu, ko ta kwalejin kimiyya da fasaha. Mai son bi ta zanen gini ya riƙe lissafi, fiziks da Turanci da kyau tun daga sakandare, domin su ne mabuɗin.

Na biyu, karatun yana cin kuɗi: kwamfuta mai ƙarfi, takardun zane, kayan samfuri da kuɗin buga manyan zane-zane. Na uku, kasuwarmu ba ta saba biyan kuɗin shawara ba. Mai gida zai biya kuɗin kujera ba musu, amma ya ga kuɗin zane kamar ƙwace ne. Wannan ke tura wasu su ɓoye ladarsu a cikin farashin kaya, abin da ke zubar da amana. Mafita ita ce rubutacciyar yarjejeniya da ta raba kuɗin aiki da kuɗin kaya tun farko. Na huɗu, duk wanda ya buɗe shafi a Instagram yana iya kiran kansa gwani, kuma akwai masu sayar da takardar shaida bayan horon mako uku. Gajeren horo yana da amfaninsa ga mai son ƙawata ɗaki, amma ba zai maye gurbin shekarun ɗakin zane ba.

Sai kuma sanin iyaka. Digirin tsara cikin gini bai ba mutum izinin fasa bangon da ke ɗauke da nauyi ko cire ginshiƙi don falo ya ƙara faɗi ba. Wannan hurumin injiniya ne mai rajista da COREN da mai zanen gini mai rajista da ARCON. A ƙasar da gine-gine ke ruftawa da mutane, wanda ya san inda iliminsa ya tsaya ya fi wanda ya iya haɗa launi daraja. Haka nan, kada mai digiri ya raina kafintan da ya shekara talatin yana aiki. Zane ba ya zama kujera sai ta hannunsa.

Kira ga masu ruwa da tsaki

Jami'o'in Arewa da ke da sashen zanen gini, irin su Ahmadu Bello, Bayero, Abubakar Tafawa Balewa da ta fasaha da ke Minna, suna da tushen da za su ɗora wannan fanni a kai. Su yi amfani da kashi 30 ɗin da aka bar musu su koyar da ginin Hausa, tsarin gidan Musulmi da dabarun rage zafi ba tare da lantarki ba. Su gayyato sarakunan magina da tsofaffin gwanayen zanen bango su shiga aji, tun kafin iliminsu ya bi su kabari. Su tura ɗalibai su auna Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa a Kano da tsofaffin sorayen Zariya, Katsina da Daura. Asusun TETFund ya taimaka da ɗakunan sassaƙa da na gwajin haske, domin ba a koyon wannan sana'a a kan allo kaɗai. Gwamnatocin jihohi kuma, idan za su ba da kwangilar aji ko asibiti, su sa sharaɗin haske, iska, mafita da hanyar masu buƙata ta musamman, su kuma sa masani ya duba kafin a biya.

Iyaye su ma su sassauta. Idan kuna da ɗa ko 'ya mai son zane, mai yawan sauya zaman kayan ɗaki, mai tambayar dalilin da ya sa ɗakin nan ya fi wancan zafi, kuma lissafi bai gagare shi ba, to ku bincika masa wannan hanya da gaske. Likitan da kuke so ya zama ma a cikin ɗaki zai yi aiki, kuma wani ne zai tsara masa ɗakin. Allah Ya yi wa 'ya'yanmu zaɓi mafi alheri, Ya sa albarka a abin da suka karanta.